Labarin Bel a Tambayi Fuskar Aiki: Nazari a Kan Na'urar Buga Siffa

Gabatarwa

'Yan'uwa ɗalibai, a darasin fassara an sha gaya mana cewa ba a raɗa wa abu suna sai an san aikinsa. Don haka na ɗauko na'urar buga siffa ta kan tebur, wadda ke narkar da zaren roba tana jera shi sahu bisa sahu, kamar magini da tubali, har abu ya tashi da tsawo da faɗi da kauri. Scott Crump na Amurka ne ya nemi rajistar fasahar a 1989. Ta yi araha bayan shirin RepRap da Adrian Bowyer ya soma a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005, da kuma ƙarewar wa'adin rajistar a 2009. Manufata ita ce in nuna yadda ake gane ciwon bel daga tabon da ke jikin aiki, tare da sunayen da na ga sun dace.

Yadda Bel Yake Aiki

Bel mai haƙora shi ke jan kan na'urar. Wanda aka fi amfani da shi, wato GT2, tsakanin haƙoransa milimita 2 ne. Idan fulin da ke jan sa yana da haƙora 20, kowane zagaye ɗaya tafiyar milimita 40 ke nan. A riƙe waɗannan alƙaluma biyu.

Alamomi Huɗu

1. Amsa-kuwwa. Inuwar harafi ko kusurwa ce da ke maimaituwa a gefensa tana dusashewa. Girgiza ke kawo ta, idan kan na'urar ya sauya hanya da ƙarfi. A rage gudu da fizga, a ɗora na'urar a kan tebur mai ƙwari, sannan a duba ko bel ya saki.

2. Gocewar sahu. Aiki yana tafiya daidai, sai saman ya zame gefe kamar matakala. Ko dai bel ya tsallake haƙori, ko bakin na'urar ya yi karo da robar da ta ɗago, ko kuma ƙaramin sukurun da ke riƙe fuli ya kwance. A ɗaure shi a kan shafaffen gefen sandar injin.

3. Tsagar tsaye. Siraran layuka ne daga sama zuwa ƙasa. A auna su da rula. In tazararsu milimita 2 ce, sawun haƙoran bel ne, kuma sau da yawa tsananin ɗauri ko gogar gefen fuli ke jawo su. In kuwa tabon yana dawowa duk bayan milimita 40, a zargi fulin.

4. Da'ira mai siffar ƙwai. Wannan yakan nuna bel ɗaya ya fi ɗan'uwansa sakewa.

Sai dai a kula, layukan kwance masu zagaye jikin aiki galibi ba laifin bel ba ne a na'urar da sanda mai zare ke ɗaga kanta. A nan sandar ko sauyawar zafi ake tuhuma. Wanda bai bambance ba zai sayi sabon bel, ya ƙone zare da sa'o'i, ciwo na nan.

Gwajin Ɗauri

A kashe na'urar, a kaɗa bel da yatsa kamar tsirkiyar garaya. In ya yi lakwam babu amo, ya saki. In amon ya yi tsini ƙwarai, ɗaurin ya wuce kima, zai kuma cinye boris. Abu ɗaya ake gyarawa, a buga ɗan gwaji, sannan a taɓa na biyu.

Kammalawa

Sunayen nan shawara ce, ban ce su ne ƙarshe ba. Ma'aunina shi ne, yaron shago ya ji sunan ya hango tabon. Duk mai sunan da ya fi waɗannan, ga fili ga mai doki a fitowa ta gaba.