NAMAN KAZA A TUKUNYAR MIYA: DARASI GA MAIGIDA DA UWARGIDA

Ya kai maigida, da ke uwargida, ku kasa kunne. Kowa ya san nama ya yi tsada. A Gusau da Tsafe da Bunguɗu akwai gidajen da kan yi mako guda ba a jefa tsoka a miya ba. Wannan takarda za ta nuna muku wani abu da kan tsaya a madadin nama cikin tukunya, da iyakar amfaninsa, da kuma hatsarinsa.

MENENE NAMAN KAZA?

Sunansa kawai ke nan, ba ruwansa da kazar akurki. Tsiro ne mai fitowa da damina, ba ganye, ba fure, sai ƙafa ɗaya da hula. Shi ne yara ke kira laimar kwaɗi. Mu Hausawa ba mu saba cinsa ba. Amma maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo na Sabon Garin Gusau, waɗanda suka yawaita bayan layin dogo ya ratsa Gusau zuwa Ƙauran Namoda a 1929, sun san shi tun daga garuruwansu. Yarbawa na ce masa olu, Ibo kuwa ero.

Cikin waɗanda ake ci, akwai mai fitowa a gindin suri, domin gara ce ke renonsa a cikin gidanta. Akwai kuma na noma, wanda ake shukawa a buhunan garin katako cikin ɗaki mai inuwa da danshi. Cibiyar binciken masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi, a Ikko, ta daɗe tana koya wa mutane nomansa.

SHIN YA KAI NAMA?

A baki ya yi kusa. In an soya shi yana da tauri kamar tsoka, yana kuma sa miya ta yi garɗi. Ba shi da kitse. Yana da wasu bitamin masu amfani.

Amma wajen gina jiki bai kai ba. Kashi 9 cikin 10 na ɗanyensa ruwa ne. Dubi abin gina jiki, watau furotin, da ke cikin giram 100 na kowanne:

Ɗanyen naman kaza: kamar giram 3
Jan naman sa: kamar giram 20
Busasshen wake: kamar giram 23
Gyaɗa: kamar giram 25
Waken suya: kamar giram 36

Kun ga ashe wake da gyaɗar da ke cikin rumbunku sun fi shi nesa. Saboda haka ga ƙa'ida: naman kaza don daɗin miya, wake da gyaɗa da awara don ƙarfin jiki. Kullum a haɗa su. Yaron da aka yaye, da mai ciki, da mai goyo, ba su wadatuwa da naman kaza kaɗai. In an yi sakaci, tamowa ta kama yaro. A riƙa ba su ƙwai, ko nono, ko ɗan kifi, duk lokacin da hali ya yi.

YADDA ZA KI DAFA SHI

Uwargida, ga miyar taushe ta mutum 6.

1. Sami naman kaza cike da kwanon sha. Yanke gindin mai ƙasa ki zubar.
2. Ɗauraye shi maza-maza da ruwa mai tsabta. Kada ki jiƙa shi, don yana shan ruwa kamar soso.
3. Yayyaga shi da hannu, kamar yadda ake yagar nama.
4. Zuba man gyaɗa rabin ludayi a tukunya. In ya yi zafi ki sa shi da ɗan gishiri. Zai fitar da ruwa. Ki yi ta juyawa har ruwan ya ƙone, ya yi ja. Nan daɗinsa yake. Mai gaggawa takan ce ba shi da ɗanɗano.
5. Sa albasa da tattasai da tumatir da daddawa, ki tsai da ruwa, ki jefa kabewa.
6. In kabewa ta nuna, zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa gwangwanin madara 2, sa'an nan alayyafo ko yakuwa.

Kada a ci shi ɗanye. Ɗanyensa kuma ba ya jure zafin ƙasarmu, kwana ɗaya ko biyu ya lalace. Wanda ya yi yauƙi ko wari a zubar. In ya yi yawa, ki yanka shi sirara, ki shanya a faifai har ya bushe ƙayau. Busasshen ana jiƙa shi a ruwan ɗumi kafin a dafa, ko a daka shi a zuba cikin miyar kuka.

HATTARA DA MAI DAFI

Nan ne muhimmin darasin. Wasu irin naman kaza guba ne, kuma sukan yi kama da na ci ƙwarai, har su ruɗi wanda ya saba. Wani irin yakan sa amai da gudawa cikin awa 1 zuwa 3. Mafi muni kuwa ba ya nuna kansa sai bayan awa 6 zuwa 24. Mutum ya yi amai da gudawa, sa'an nan ya ji kamar ya warke, alhali dafin yana can yana cin hantarsa. Bayan 'yan kwanaki idanu su yi ɗorawa, sau da yawa a rasa rai. Ku riƙe waɗannan:

1. Kada ku tsinko na daji ko na juji ko na bayan gida ku ci. Ku sayi na noma, wurin wanda kuka sani.
2. Dafuwa ba ta kashe wannan dafi. Shanya ma haka, gishiri ma haka.
3. Kada ku ce ai akuya ta ci ba ta mutu ba. Cikin dabba daban, na mutum daban.
4. Naman kaza yana zuƙar gubar da ke cikin ƙasa. Kun tuna gubar dalma ta 2010 a ƙasar Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara fiye da 400. Wanda ya fito inda ake niƙa dutsen zinariya, ko taɓa shi kada ku yi.
5. Da damina, musamman watan Agusta, ku riƙa tuge na tsakar gida kuna binnewa, kafin mai rarrafe ya kai shi baki.

IN WANI YA CI FA?

Kada a jira a ga abin da hali zai yi. A kai shi asibiti nan da nan, ko na Tsafe, ko na Bunguɗu, ko Asibitin Tarayya na Gusau. A tafi da ragowar abin da ya ci don likita ya gani, da duk wanda ya sa hannu a kwanon. In yana amai da gudawa, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya. Ko ya ce ya ji sauƙi, a kai shi.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa ake haɗa naman kaza da wake ko gyaɗa?
2. Dafuwa tana kashe dafinsa?
3. In yaro ya ci laimar kwaɗi, me za ku yi?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure da cikin gida. Rigakafi ya fi magani.