Yarona ba ya gane hannunka-mai-sanda: yadda maigida zai yi magana da ma'aikaci mai galahanga

TAMBAYA

Ni tela ne a Tozai, ƙaramar hukumar Isa. Cikin yaran shagona akwai ɗan wana, saurayi ne da ya haura shekara 20. In dai ɗinki ne, babu wanda ya kai shi tsabtar layi, kuma bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Amma wanga yaro ya gajiyar da ni. In na ce ya gyara shago, sai in iske ya share ƙasa ya bar yadi a warwatse. Kwastoma ya tambaye shi ko shaddarsa mai kyau ce, ya ce masa ba ta da kyau. In aka ta da janareta sai ya toshe kunnuwa, wata rana ma ya fita bai ce wa kowa komai ba. Tun yana ƙarami wani likita a Sakkwato ya ce galahanga ce. Mutane na cewa raini ne, wasu na cewa iska ce. Ba ni son in kore shi saboda zumunci. Mi ya kamata in yi?

AMSA

Allah ya saka da wannan riƙon zumunci. Duk abin da ka lissafa, daga tsabtar layi har toshe kunnuwa, ya dace da abin da likitan ya faɗa. Babu raini a ciki, babu iska.

Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma tun daga yarinta, kuma gado na da hannu babba a ciki. Ba ta yaɗuwa, allurar rigakafi ba ta kawo ta, kuma ba laifin tarbiyyar iyaye ba ne. Likita Leo Kanner ya bayyana ta dalla-dalla a Amurka a 1943, lokacin da ya rubuta labarin yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, an kuma fi gano ta a maza. Masu ita sun bambanta ƙwarai: wani ba ya magana sam, yana buƙatar mai kula da shi kullum; wani kuma, irin ɗanka, yana iya riƙe sana'a har ya fi tsaransa.

Inda aka samu saɓani

Mu Hausawa rabin umarninmu ba da baki muke bayarwa ba. Maigida ya yi gyaran murya, yaro ya san an yi baƙo. Ya ce "rana ta yi fa", yaro ya gane ana nufin ya yi sauri. Ya yi kawaici, yaro ya san an yi fushi. Muna yabon mai gane hannunka-mai-sanda, mu kira shi mai hankali. Mai galahanga kuwa kalmar da ta fito daga bakinka ita yake ɗauka, yadda ta fito. Habaici da shaguɓe da harara kan wuce shi bai gan su ba. Da ka ce "gyara shago", ka bar shi ya canki abin da kake nufi, sai ya yi abu ɗaya da ya tabbata yana ciki, ya tsaya.

Kai ma ba ka iya karanta shi ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar mai galahanga sau da yawa ba ta nuna abin da ke ransa. Yana iya kasancewa cikin tsananin damuwa, kai kana ganin ko-in-kula. Wani masani ɗan Ingila, Damian Milton, wanda shi ma yake da galahanga, ya yi bayani a 2012 cewa rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake zuwa. A 2020 Catherine Crompton da abokan aikinta a Jami'ar Edinbura sun jera mutane takwas-takwas, kowa ya isar da labari ga na kusa da shi. Masu galahanga sun isar wa junansu labarin daidai da yadda sauran mutane suka isar wa junansu. Ke nan iya magana suna da shi, hanyar ce daban. Tunda kai ne babba, kai ke da ikon fara gyara hanyar.

Yadda za ka ba shi aiki

Faɗi aikin da sunansa, da adadinsa, da lokacinsa. A maimakon "gyara shago", ka ce: "Naɗe yadin nan ka jera a kan kanta. In ka gama, share ƙasa." A maimakon "yi sauri", ka ce: "Ina son ka gama wuyan kaftani biyun nan kafin la'asar." Lokutan salla awo ne mai kyau, domin kowa ya san su. "An jima" da "ba da daɗewa ba" ba su da iyaka, suna jefa shi cikin ruɗu.

Ba shi aiki ɗaya ko biyu a lokaci guda. In sun yi yawa, rubuta su da alli a jikin allo ko bango, da boko ko da ajami, duk wanda ya fi iyawa, yana gamawa yana sokewa. In ba ya karatu, jera kayan a kan tebur daga na farko zuwa na ƙarshe. Sabon ɗinki kuwa, ɗinka samfuri ɗaya a gabansa ka rataye inda zai riƙa dubawa. Gani ya kori ji.

In ka yi masa tambaya, ka ɗan dakata. Da yawansu na buƙatar 'yan daƙiƙoƙi kafin magana ta zauna. In ka sake tambayar da wasu kalmomi daban, ka mai da shi farko. Kada kuma ka tambaye shi "ka gane?", domin zai ce "na'am" saboda ladabi. Ce masa: "Faɗa mini abin da za ka fara yi."

Umarni ya fito daga baki ɗaya. A shagon da maigida da babban yaro da kwastoma kowa ke aiken ƙaramin, mai galahanga ba ya iya tantance wanda ya fi gaggawa. Gaya wa sauran yara cewa duk mai son aikensa ya biyo ta wajenka.

Kwastoma da gaisuwa

Zancen shaddar nan gaskiya ya faɗa, kara ce bai yi ba. Mu kara a jininmu take, shi kuwa sai an koya masa ita kamar yadda aka koya masa yanka da awo, ƙa'ida bayan ƙa'ida. Zauna da shi ka ba shi amsoshin da zai haddace. In an tambaye shi kyan yadi: "Bari in kira maigida ya duba." In an tambayi kuɗi: "Maigida ke yanke farashi." Kada ka ce ya yi ƙarya, domin yawancinsu ƙarya na yi musu nauyi ƙwarai. Ka ba shi mafitar da babu ƙarya a ciki.

Haka gaisuwa. Doguwar gaisuwarmu ta gida da iyali da gajiya da sanyi kan rikita shi. Ya riƙe gajera wadda ba za a ce bai gaida mutane ba: sallama, "ina kwana", "yaya gida", ya koma kan kekensa. A nan al'adarmu ta yi masa rana a wuri ɗaya. A Turai ana matsa wa ma'aikaci ya kalli shugabansa ido cikin ido, abin da ke wahalar da masu galahanga. A wajenmu sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne. Kada ka ce masa "kalle ni in ina magana". Sau da yawa ya fi ji in idonsa na ƙasa.

Janareta da hayaniya

Ƙarar da kai ka saba da ita har ba ka jinta, a kunnensa tana iya zama azaba. Haka wasu ke ji da haske mai ƙarfi, ko warin fetur, ko a dafa su ba zato. Ranar da ya fita, abin ne ya fi ƙarfinsa. Matsar da kekensa nesa da janareta da rediyo, ka bar shi ya sa auduga ko abin toshe kunne, kuma a gaya masa kafin a ta da injin. Ku shirya wata alama tsakaninku, ko da ɗaga hannu ce, mai nufin "zan fita minti 10 in dawo". Da haka fitar ta zama da izini.

In ya kai ga kuka, ko jijjiga jiki, ko ya yi shiru ya kasa magana, a rage surutu, a kori 'yan kallo, kada a riƙe shi sai in zai ji wa kansa ciwo. Nasiha ta jira sai ya dawo hayyacinsa. Duka da ɗauri ba sa ƙara komai sai tsoro.

Canji da halin tsaro

Mai galahanga na samun natsuwa ne in ya san abin da zai biyo baya. Kafin cunkoson ɗinkin Salla, gaya masa tun da sauran kwanaki cewa za a riƙa kai dare, ka faɗi ƙarfe nawa za a tashi. In za ka tafi Shinkafi ko Sabon Birni sayen kaya, ya san tun kafin ranar wanda zai tsaya a madadinka.

A yankinku akwai canjin da ba ya sallama. Shekaru ke nan 'yan bindiga na addabar gabashin Sakkwato, kuma a watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni. A lokacin firgici, mai galahanga na iya daskarewa wuri ɗaya, ko ya nace sai ya gama abin da ke hannunsa ko ya kulle shago kamar kullum. Don haka ku tsara tun ana zaune lafiya: kalma ɗaya da in ya ji ta zai bar komai, mutum ɗaya da zai bi, wuri ɗaya da za ku haɗu, ba tare da dogaro da waya ba. Faɗa masa a fili: "In na faɗi kalmar nan, na yafe maka keke da kayan mutane." Ku gwada tafiyar da ƙafa har ta zauna masa.

Gyara da yabo

In ya yi kuskure, kira shi gefe. Faɗi abin da ya faru da abin da kake so gobe: "Aljihun nan ya sauka da inci ɗaya, ga inda zai tsaya." Gugar zana a gaban yara ba za ta kai gare shi ba, dariyarsu kaɗai zai ji. Yabo ma a fayyace shi, domin shirun maigida ba ya gaya masa cewa aiki ya yi kyau. Ka kuma sa ido a kan abokan aikinsa. Irinsa ne ake tsokana, a tura masa aikin wani, ko a ci bashinsa a hana shi. Ladansa ya zama daidai da na duk wanda ke fitar da irin aikinsa.

Shi ma akwai nasa. Koya masa jimloli uku ya riƙa amfani da su ba tare da jin kunya ba: "Baba, ban gane ba, a sake faɗa mini." "Wanne zan fara?" "Na gama, me ya rage?" Ka tabbatar masa cewa tambaya ba rashin ladabi ba ce a shagonka, kuma ranar da ya yi ta kada ka tsawata.

Ga shugabannin ofis

Wannan shawara ta shafi shugaban makaranta, da mai kemis, da mai shagon cajin waya, da shugaban sashe a sakatariyar ƙaramar hukuma. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Kamfanoni irin su SAP a 2013 da Microsoft a 2015 sun buɗe shirin ɗaukar masu galahanga, suna gwada mutum da aikin hannunsa a maimakon zaƙin bakinsa a ganawa. Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado, mai galahanga ce. Hanyoyin kora shanu da ta zana suna aiki a manyan mayankan Amurka, kuma ta sha faɗin cewa zanenta take nuna wa masu ba da aiki, shi ke samo mata kwangila.

Yaushe za a ga likita

Babu ƙwaya ko jiƙo da ke cire galahanga. Duk mai cewa zai warkar da ita, kuɗinka yake so. Amma akwai abubuwan da kan zo tare da ita waɗanda ke da magani: farfaɗiya, rashin barci, yawan fargaba, baƙin ciki mai tsanani. In ka ga ya suma, ko ya daina cin abinci, ko yana ji wa kansa ciwo, ko halinsa ya sauya farat ɗaya, a kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Sauran masu karatu su lura: ba kowane mai shiru-shiru ke da galahanga ba, wani kunne ne ke damunsa. Likita ke tantancewa. Labarin lafiyarsa kuma sirrinsa ne, kada a baza shi sai da yardarsa.

Ka fara da abu uku na tsawon wata guda: umarni a fayyace, matsar da keke, da alamar fita. Sannan ka tambaye shi da bakinka wanne ya fi taimaka masa, domin shi ya fi kowa sanin kansa. Ka kuma fara tunanin ranar yaye shi. Wataƙila zaman shago shi kaɗai da ciniki da bin bashi zai yi masa nauyi, amma in aka haɗa shi da ɗan'uwa amintacce mai iya hulɗa da jama'a, aka rubuta rabon kowa a gaban shaidu, ɗaya na karɓar kwastoma, ɗaya na kan keke, zai ci abinci da sana'arsa har tsufansa. Allah ya yi jagora, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir.