Kabarin Kaftin Kazamaju

Ɗan'uwa mai karatu, ka san tsohon barikin soja na birnin Damagaram, wanda ke bisa tudun duwatsu? Nasara ne suka gina shi. Sun sa masa sunan wani sojansu, Kaftin Kazamaju. Da Faransanci ana rubuta sunan haka: Cazemajou. Yau za mu ga ko wane ne shi, da yadda ya ƙare a ƙasarmu.

A shekarar 1897 Faransa ta aiko Kazamaju daga yamma, ya nufi tafkin Cadi. Yana tare da tafinta, wani Bafaranshe, da ƴan sojoji kaɗan baƙar fata. Cikin watan Afirilu 1898 suka iso Damagaram. Sarkin lokacin shi ne Amadu Kuran Daga, ɗan Tanimun.

Sarki ya ba su masauki, amma hankalinsa bai kwanta ba. Me ya sa? Tun 1893 Rabe ya ci Barno, ga shi nan a gabas da dakarunsa. Sarki ya ji tsoron kada baƙon nan ya je ya haɗa kai da Rabe, su sa Damagaram a tsaka. Ran 5 ga Mayu 1898 aka kashe Kazamaju da tafintansa, aka jefa gawarwakinsu cikin rijiya. Sojojin nasa suka yi faɗa, sannan suka koma yamma da ƙafa.

Maganar ba ta tsaya nan ba. A ƙarshen watan Yuli 1899 wata runduna ta Faransa ta iso. Aka gwabza a Tirmini, yamma da birni. Mutanen sarki sun fi yawa, amma bindigogin Nasara sun fi nasu. Mazaje da yawa suka faɗi a ranar nan. Sarki ya fita daga birni, aka bi sawunsa, aka kashe shi cikin watan Satumba.

Da Nasara suka shiga gari, sai suka nemi rijiyar nan. Suka fid da ƙasusuwan kaftin ɗinsu, suka binne shi da girmamawa irin ta soja. Suka sa sunansa ga bariki. A wurinsu jarumi ne, wanda ya mutu a bakin aikin ƙasarsa. A wurin mutanen Damagaram kuwa, shi ne ya buɗe wa mulkin mallaka ƙofa.

To, ɗan'uwa, duba nan da kyau. Kazamaju mutum guda ne, baƙo. Amma an san sunansa, an san ranar da ya mutu, don nasa sun rubuta. Mazajen da suka faɗi a Tirmini fa? Shi Kuran Daga ba a manta shi ba, har an sa sunansa ga babbar makarantar sakandare ta Damagaram. Amma mahayan da dakarun da suka tsaya a bayansa, wa zai lissafa maka ko goma?

Haka ma iyayenmu da kakanninmu da aka ɗiba soja a yaƙin 1914 da na 1939. Wasu sun komo da lambar yabo a ƙirji. Wasu an binne su can ƙasar Turai, ba su komo ba. Mu Musulmi ba mu ƙawata kabari. Tudun ƙasa ne, damina kaɗan ya baje. Wannan daidai ne ga addini. Amma in kabari ya baje, kuma tsohon da ya san labarin ya rasu, shi ke nan, suna ya ɓace.

Kai yanzu ka iya riƙe alƙalami. Ka je wurin dattijon unguwarku, ka gaishe shi, ka ce: «Baba, wa aka ɗauka soja a gidanmu?» Ka rubuta sunan mutumin, da garinsu, da yaƙin da ya je. Ka ajiye takardar, ka karanta wa ƴaƴanka.

Tambayoyi

1. A wace shekara Kazamaju ya iso Damagaram?
2. Me ya sa hankalin sarki bai kwanta da shi ba?
3. A ina aka yi yaƙin 1899?
4. Rubuta sunan mutum guda na danginku da ya je yaƙi, ka kawo aji.