Yadda Ake Tokare Ƙasa a Cikin Rami

Ɗan'uwa mai karatu, in kai mutumin ƙasar Dakoro ne, ba sai an gaya maka zurfin rijiya ba. Akwai rijiyoyin da suka wuce gaba talatin, sai da jaki ko sa ko raƙumi ake jan guga. Ka kuma san magina rijiya ba su barin rami haka nan. Suna gina, suna ɗaure bango da itace ko da siminti, don kada rairayi ya rufto musu.

To, a wasu ƙasashe mutane na shiga ƙarƙashin ƙasa fiye da haka, nesa ba kusa ba, don su haƙo gawayin ƙasa. Dubbai sun mutu cikin wanga aiki. Shi ya sa masana suka duƙufa bincike. Mi ke sa rami ya rufta? Mi ke riƙe shi? Abin da suka gano zai amfane ka, ya amfani ɗanka ko ƙanenka da ya tafi neman zinariya.

Mine ne gawayin ƙasa?

Ba gawayin itace ba ne da ake toyawa a daji. Wani baƙin dutse ne mai cin wuta. Asalinsa itatuwa ne da ciyayi da ƙasa ta binne tun shekaru miliyoyi. Yana kwance ne a shimfiɗe kamar tabarma, dutse a samansa, dutse a ƙasansa.

A Nijar akwai shi a Anu Araren, kusa da Cirozerin, cikin jahar Agadas. An kafa kamfanin SONICHAR a 1975 don ya haƙo shi, a ƙona, a samu wutar lantarki. A can, daga sama ake buɗe ƙasa, rami ne babba a sarari. Amma inda gawayi ya yi zurfi, dole a bi shi ta ƙarƙashin ƙasa, a fafe hanyoyi kamar na gara. Haka aka yi a Inugu ta Najeriya tun wajen 1916. Mu ma mun yi irin wannan rami a Akuta, kusa da Arlit, inda kamfanin COMINAK ya haƙi uraniyom a zurfin mita 250, daga 1978 har 2021.

Ƙasa na da nauyi

Ɗauki dutse mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, tsayin mita 1. Nauyinsa ya kai kilo 2.500. Ke nan buhun hatsi 25, kowane mai kilo 100. In rairayi ne, wajen buhu 15. Yanzu ka ce kana cikin rami mai zurfin mita 100. Ɗan wurin da kake zaune, mita 1 kan mita 1, abin da ke bisansa ya kai buhu 2.500.

Kafin a yi rami, ƙasa ce ke ɗauke da ƴar'uwarta. Ranar da ka ɗebe wani wuri, nauyin da ke sama bai tafi ko'ina ba. Sai ya koma kan abin da ya rage a gefe. Wannan shi ne tushen darasinmu. Ka riƙe shi da kyau.

Ginshiƙi

Dubi babban zaure na soro. Magini na tsayar da ginshiƙi a tsakiya don ya ɗauki rufi. Mahaƙa gawayi ma haka suke yi. Ba su kwashe gawayi duka. Suna fafe hanyoyi, su bar wani gawayin a tsaye tsakanin hanya da hanya. Shi ne ginshiƙinsu.

Ga lissafin. In aka kwashe rabin gawayi, ginshiƙan da suka rage za su ɗauki nauyi ninki 2. In aka kwashe kashi 3 cikin 4, za su ɗauki ninki 4. Kamar mutum huɗu ne ke ɗauke da gungume, uku suka zame suka bar ɗaya.

Wani abu kuma: gajeren ginshiƙi mai kauri ya fi dogo siriri ƙarfi. Kifa turmi ka zauna a kai, ba abin da zai same shi. Amma kara, ko yaro ya jingina sai ya karye.

Abin da ya faru a Kolburuk

Kolburuk wani ramin gawayi ne a Afirka ta Kudu. Gidan wutar lantarki na kusa yana ta neman ƙarin gawayi. Sai aka shiga sassaƙar ginshiƙai, ana kuma ƙara cin rufi. Ginshiƙai suka sirance, suka ƙara tsawo. Ran 28 ga Disamba 1959 wani sashe ya rufta. Ba a tsaida aiki ba.

Ran 21 ga Janairu 1960, da la'asar, ƙasa ta yi ƙara, wani wuri ya sake faɗuwa. Ma'aikata suka gudo, amma aka maida da yawansu bakin aiki. Da maraice ginshiƙai suka shiga karyewa. Wannan ya karye, nauyinsa ya faɗa kan na kusa, shi ma ya karye, har wuri mai faɗin wajen hekta 300 ya rufta. Fiye da mutum 430 suka mutu. Ko gawarsu ba a samu fitarwa ba. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Bayan wannan masifa aka sa masana bincike. Biyu daga cikinsu, Salamon da Munro, suka tattara labarin wurare 125 a ramukan gawayi na ƙasar. A 27 ginshiƙai sun karye, a 98 suna tsaye. Suka gwada faɗi da tsawo da zurfin kowane. A 1967 suka fito da lissafin da ke nuna girman ginshiƙin da ya dace da kowane zurfi. Suka kuma ce a riƙa barin rara: in nauyin da ke sama 10 ne, a bar ginshiƙin da zai iya ɗaukar 16. Mai jaki ma ya san haka. Ba a labta wa jaki iyakar abin da zai iya ɗauka in tafiya na da nisa.

Rufi

Ko ginshiƙi na da ƙarfi, rufin da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi na iya faɗowa, don dutsen da ke bisa gawayi hawa-hawa yake, kamar tabarmi da aka jera. Na ƙasa shi ke fara saki. Da, da gumagumai ake tokare shi, a gicciya wani itace a sama kamar azara.

Daga wajen 1947, a Amurka, wata dabara ta bazu. Sai a huda rufi, a cusa doguwar ƙusa ta ƙarfe mai mita 1 zuwa 2, a ɗaure ta tamau, a sa faranti a bakinta. Ƙusar na haɗe hawan duwatsun su zama abu guda. Ka san kara ɗaya ba wuyar karyewa, amma in aka ɗaure dami, ko ƙato bai iya karya shi. Inda dutse ke marmashewa, sai a ƙara da ragar waya.

Rami na magana kafin ya faɗi

Sau da yawa ƙasa na yin gargaɗi. Tsoffin mahaƙa sun san muryarta, masana kuma sun tabbatar.

Ke ƴar'uwa, in za ki sayi tukunya a kasuwa, ai sai kin ƙwanƙwasa ta. Mai lafiya ƙararta ras take. Mai tsaga kuwa muryarta a dushe. Haka mahaƙi ke buga rufi da sandar ƙarfe. In ya ji amo kamar na ganga, dutsen ya rabu da na samansa, sai a sauko da shi ko a tokare shi nan take.

Sauran alamu su ne: ƙasa ko tsakuwa na zubowa kaɗan-kaɗan, sabuwar tsaga a bango ko a bakin rami, itacen tokara na ƙara ko ya lanƙwashe, ruwa na tsattsafowa inda da babu. Amma ka sani, rairayi da jiƙaƙƙiyar ƙasa sukan rufto ba sallama. Kada ka jira alama kafin ka sa tokara.

Ƙasa na lotsawa daga sama

Ka taɓa ganin tsohuwar rijiya ko tsohon masai da aka cike, bayan damina wurin ya loɓa? Haka ke faruwa bisa ramin gawayi. In aka kwashe gawayi duka, rufi ya faɗi, na sama ya biyo shi sannu-sannu har abin ya iso doron ƙasa. Wurin da ke lotsawa ya fi ramin da ke ƙasa faɗi. Bangon gidaje ya tsage, hanya ta karye, rijiyoyi su ƙafe. Wani lokaci sai bayan shekaru masu yawa, an ma manta da ramin.

A yankin Rur na ƙasar Jamus, akwai inda ƙasa ta lotsa fiye da mita 20. An rufe ramin gawayinsu na ƙarshe a 2018, amma injunan jan ruwa na aiki dare da rana, in ba haka ba unguwanni su zama tabki. Shi ya sa injiniyoyi ke zana taswirar kowane rami, su kuma bar gawayi ba a taɓa ba a ƙarƙashin gari da kogi.

Mu koma gida

Tun da aka ga zinariya a Jado a 2014, samarinmu da yawa suka kama hanyar rami. A 2021 aka gan ta nan jahar Maradi, wajen Ɗan Isa. Ran 7 ga Nuwamba na shekarar, ramuka suka rufta a Garin Liman. Aƙalla mutum 18 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

A wuraren zinariya, ramuka na kusa da juna. Kowa ya kai ƙasa sai ya bi ta gefe. Bangon da ke tsakaninka da maƙwabcinka shi ne ginshiƙinku. Kai ka ci ta nan, shi ya ci ta can. In ya faɗi, ba rami ɗaya zai ci ba. Abin da ya faru a Kolburuk ke nan.

Saboda haka, in kai ko naka zai shiga rami, ga abin kiyayewa:

1. A bar tazara mai yawa tsakanin rami da rami.
2. Kada a taɓa ginshiƙi, ko da zinariya na ƙyalli a jikinsa.
3. A sa tokara ana gina ana sawa, ba sai an gama ba.
4. A zubar da ƙasar da aka fitar nesa da bakin rami. Kada mutane su taru a bakin, don nauyi ne.
5. Bayan ruwan sama, kada a shiga sai an duba.
6. Kullum a bar mutum a sama da igiya.
7. In an ji ƙara ko an ga ƙasa na zuba, a fita. In wani ya ce a koma, kada a koma.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ka karanta wa wanda bai iya karatu ba tukuna.

Kalmomi

Tokara: itace ko ƙarfe da ake sawa don ya riƙe rufi ko bango.
Ginshiƙi: abin da ake bari a tsaye don ya ɗauki nauyin sama.
Lotsawa: saukar doron ƙasa in akwai rami a ƙarƙashi.

Tambayoyi

1. In aka ɗebe ƙasa a rami, ina nauyin sama ke komawa?
2. Mi ya sa ginshiƙan Kolburuk suka karye?
3. Faɗi alamu 3 da ke nuna rami na shirin ruftawa.
4. Rairayi mai mita 1 ta kowane gefe ya kai buhu 15. In rami na da zurfin mita 8, buhu nawa ke bisa wurin da mahaƙi ke zaune?
5. Ku tambayi magina rijiya na garinku yadda suke ɗaure bango, ku zo ku ba aji labari.