DARASI DAGA MUTUMIN DA KE RIƘE KATAKON WASA DA HAƘORANSA

Da yawanku kun taɓa cin karo da bidiyon a waya: wani Balarabe ba shi da hannu ko ɗaya, ya ciji katakon ƙwallon tebur da baki yana buga wasa. Mafi yawanmu "ikon Allah!" muke cewa, mu tura wa na gaba, shi ke nan. To yau ina so mu ɗan zauna a kan labarin, domin abin da ya fi muhimmanci a cikinsa ba ya fitowa a bidiyon minti ɗaya.

Sunansa Ibrahim Hamadtu, mutumin lardin Dumyaɗ ne a arewacin Masar, an haife shi a 1973. Yana da shekara 10 haɗarin jirgin ƙasa ya raba shi da hannayensa biyu. Ka ɗan auna wannan shekarun, ya ɗan'uwa: yaro ne da ya riga ya san daɗin hannu, ya ci abinci da shi, ya yi rubutu da shi, ya yi jifa da shi. Wanda aka haifa babu hannu jarrabawarsa daban ce, shi wannan sai da ya sake koyon komai daga farko, alhali yana tune da yadda yake yi a da.

Kamar yadda ya faɗa a hirarrakinsa, wasa biyu ne kawai ake yi a ƙauyensu, ƙwallon ƙafa da ƙwallon tebur. Ya fara da na ƙafa, wannan kowa zai gane. Wata rana yana yi wa abokansa biyu alƙalanci a ƙwallon tebur, gardama ta tashi kan maki, ya yanke hukunci. Wanda hukuncin bai yi wa daɗi ba sai ya yaɓa masa magana: wai ina ruwansa da wasan da ba zai taɓa iya bugawa ba. Subhanallah, harshe! Kar wani ya ce ai gorin ne ya yi masa rana, don haka gori alheri ne. A'a. Yara nawa irin wannan kalma ta mayar cikin ɗaki ba su sake fitowa ba? Su ba mu san sunayensu ba.

Ga wurin da nake so mu tsaya. Bai fara da baki ba. Da farko maƙale katakon ya yi a hammata, ya gwada, ya sake gwadawa, abin ya ƙi. Nan ne mutane da yawa ke rufe littafi su ce "na gwada, ba rabona ba ne". Shi kuwa ya bambance tsakanin manufa da hanya: hanyar ce ta ƙi, sai ya canza ta. Ya koma baki, kuma sai da ya daɗe yana atisaye kafin abin ya zauna.

Don ka gane nauyin aikin, duba yadda wasan yake. Tebur ne mai tsawon mita 2.74, raga a tsakiya mai tsayin santimita 15.25, ƙwallon kuma nauyinta gram 2.7 kacal, iska ma tana iya karkatar da ita. Gwanintar wasan duk a wuyan hannu take, da shi ake murza ƙwallo a ba ta juyi. Shi wuyansa ne ya zama damtse, muƙamuƙi ya zama wuyan hannu. Sannan ga matsalar da ba kowa ke lura da ita ba: ɗan wasa yana tsayar da kansa ne don idonsa ya bi ƙwallo, shi kuma kan nasa ne ke kai bugun, wato ido da katako tare suke juyawa. Wurin sabis kuwa doka ta ce a cilla ƙwallo sama daga tafin hannu aƙalla santimita 16, amma ta ba alƙali damar sassautawa idan akwai nakasa. Sai ya riƙa cire takalmin ƙafa ɗaya, ya ɗauki ƙwallon da yatsun ƙafa, ya cilla ta sama, ya buga, duk yana tsaye da ƙafa guda na wannan ɗan lokacin.

Ya samu lambar azurfa a gasar nakasassu ta Afirka a 2011 da 2013. A 2014 hukumar ƙwallon tebur ta duniya ta gayyace shi Tokyo lokacin gasar duniya, ya yi wasan nuni da manyan gwanaye irin su Ma Long na Sin da Jun Mizutani na Japan, daga nan duniya ta san shi. Ya je gasar Olamfik ta nakasassu a Rio a 2016 yana da shekara 43, ya sake zuwa ta Tokyo da aka yi a 2021 yana da 48.

To, me ya ciwo a can? A wasan mutum ɗaiɗai, ba a Rio ba, ba a Tokyo ba, bai wuce zagayen rukuni ba. Rukuninsa shi ne na 6, na masu wasa a tsaye waɗanda nakasarsu ta fi tsanani, amma abokan karawarsa da hannu suke riƙe katako, sun kuma doke shi. Masu tura bidiyo ba sa faɗin wannan, ni kuwa wallahi a nan ya fi burge ni. An doke shi a Rio a gaban duniya, ya koma gida ya ci gaba da atisaye shekara biyar, ya sake dawowa ya tsaya a gaban tebur. Mun saba ɗaukar haƙuri a matsayin naɗe ƙafa a jira, alhali malamai sun lissafa daurewa a kan aiki mai wuya cikin nau'o'insa. Tashi kullum a ciji katako har haƙori ya yi tsami, ba tare da tabbacin zinare ba, shi ma haƙuri ne.

Amma fa a kula, kar a mayar da labarin nan bulala. Na ga masu ɗora bidiyon suna rubuta "kai mene ne uzurinka?", wasu ma da nakasassun unguwarsu suke. Wannan ba adalci ba ne. Ibrahim ya samu tebur a ƙauyensu, ya samu kulob da ya bar shi ya shiga, da mai horarwa, da hukuma mai shirya gasa, da doka da ta yi masa sassauci wurin sabis. Kafin ka tura wa saurayin da haɗarin babur ya yanke wa ƙafa wannan bidiyo, fara tambayarsa ko yana da sandar dogarawa, ko kuma rabon da abokansa su zo su fita da shi filin ƙwallo, ko da kallo ne, wata nawa ke nan.