Mu sa wa amalanke fitila

Ƴan uwa masu amalanke na Kara-Kara da ƙauyukan kewayen Damagaram, da yawa cikinmu tun duhun asuba suke hawa kwalta don su cim ma kasuwar Dole. Amalanken da ba shi da fitila, direban mota ba ya ganinsa sai ya zo daf. Nan ake asarar jaki da kaya, har da rai.

Masu jiragen ruwa sun daɗe da sanin haka. Dokar teku ta 1972 ta ce jirgi mai tafiya da iska ya kunna jar fitila a hagu, koriya a dama, fara a baya. Ta haka ake gane inda ya dosa. A bisa hanya kuwa, fara ce a gaba, ja a baya.

In tsohuwar fitila ta mutu, a sake ta tare da wayarta, don tsohuwar waya takan ci tsatsa daga ciki.

Kayan aiki: batir na babur mai bolt 12, ƙananan fitilun LED biyu, jar waya da baƙa, makunni, da fizibil mai ampa 3. Fizibil ƴar waya ce da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa.

Ga yadda ake yi:

1. A cire batir tukuna.
2. A auna waya, a bar rarar taƙi guda.
3. A zura ta cikin tiyo, a ɗaure ƙarƙashin katako, nesa da ƙafa.
4. Jar waya ta tashi daga alamar (+), ta bi fizibil, ta bi makunni, ta kai ga fitilu.
5. Baƙar waya ta dawo ga alamar (-).
6. A murɗe kowane mahaɗi sosai, a naɗe da roba.
7. A maida batir, a kunna.

In fitila ta ƙi kamawa, a juya wayoyinta biyu.

Fizibil ya zauna kusa da batir. In ya ƙone, a nemi inda waya ta feɗe, a gyara, a sa sabo. Kada a maye shi da guntun ƙarfe: waya za ta yi zafi, ga kara da ciyawa bisa amalanke. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi:
Wace fitila ake sawa a baya?
Don me ake sa fizibil kusa da batir?