Karya biyu, kwano ɗaya

Ranar Asabar bayan la'asar wani mai gadi ya turo mini karya a cikin baro, an lulluɓe ta da buhu. Tun kafin in ɗaga buhun, wari ya gaya mini an makara. Tsohuwa ce, shekara tara tana gadin gidan. Wadda ta yi mata wannan aika-aika Boerboel ce da maigidan ya sayo tana 'yar kwikwiya, yanzu ta shekara biyu.

Da na kira Alhajin, wato maigidan, a waya sai ya ce, "Likita, wallahi tare suke kwana." Mai gadin kuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ne karo na huɗu." Na farko a kan ƙashi ne, sauran a bakin get lokacin da motar maigida ke shigowa. Kuma har ranar kwano ɗaya ake zuba musu. Wai wani ne ya ce a ƙyale su, da kansu za su fitar da raini.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda aka fara kira. Ya ga huda biyu a wuya, ya ɗinke su tsaf, ya shafa baƙin mai, ya ɗirka mata diclofenac, ya karɓi kuɗinsa. Cizon kare ai ba a samansa yake ba. Haƙori kan shiga, ya girgiza, ya raba fata da tsoka. Da na warware ɗinkin, hannuna ya shige har kafaɗarta, mugunya na kwarara. Kwana huɗu tana haka. Mun wanke, mun sa mata ruwa, amma ba ta kai asuba ba.

Kare yakan cika girma tsakanin shekara 1 zuwa 3, kuma a nan zaman lafiyar ƙuruciya ke ƙarewa. Faɗan mata biyu ya fi kowanne muni, in suka fitar da jini sau ɗaya da wuya su koma daidai. Ku raba musu kwano, ku raba wuri, ku ɗauke kwanon in sun gama. Kada a jefa ƙashi ɗaya tsakanin karnuka. In ɗaya ta shiga lokacin barbara, keji. Tsohon da ya fara gurnani ba dalili, a kawo shi a duba, sau da yawa ciwo ke cin sa. Kuma ku daina dukan kare don ya yi gurnani, gargaɗi yake yi. In kun hana shi, gobe cizo kawai za ku gani.

In faɗa ya kaure, kada ka kai hannu wuya. Mai gadin nan ya kai, babban yatsansa a naɗe da tsumma ya zo. Mutum biyu, kowa ya kama ƙafafun baya ya ja, ko a zura katako tsakani. Wanda aka ciza ya wanke da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti, ko da karen ya yi rigakafin hauka.

Ina sake faɗa: ku raba kwano. Kuma ba a rufe cizon kare da ɗinki haka kawai.

Jiya Alhajin ya kira ni yana neman wata kwikwiyar, mace. Na ce masa sai na zo na ga keji biyu da idona.